Littafin barga: yadda muke koya wa Bikili taku biyar

20 ga Nuwamba, 2023

Maigida, wato babban mai horar da dawaki a bargarmu, ya yanke shawara, Bikili zai koyi taku biyar, kuma aikin yana hannuna. Shi zai riƙa hawa lokaci-lokaci ya ji inda muka kai. Shi ya sa na buɗe wannan littafi, don kada in riƙa dogara da abin da kaina ya riƙe.

Bargarmu tana gundumar Shelby a jihar Kentucky ta Amurka, tsakanin Louisville da Lexington, inda duk kwanar da ka sha sai ka ga shingen dawaki. Dokin ɗan jinsin Saddlebred ne, haihuwar bazarar 2021, an dandaƙe shi tun yana ɗan shekara. Sunansa na takarda dogo ne, ni dai Bikili nake ce masa saboda launinsa, har sauran 'yan barga sun kama. Tsayinsa a tudun kafaɗa ya kai santimita 160, kuma bai gama girma ba. Wuyansa dogo, ya fito daga saman kafaɗa ya miƙe sama, wanda shi ne abu na farko da masu hawan sadil-sit, wato salon hawan gasa da ake son doki ya ɗaga kai da hannuwa, suke dubawa.

Yawancin dawaki da taku uku suke zuwa duniya: tafiya, sassarfa da ƙaramar sukuwa. Biyun da za mu ƙara su ne taƙama da rak. A duka biyun kowane kofato shi kaɗai yake dira ƙasa, sautin huɗu ne cif, mahayi kuma yana zaune daram ba ya tashi. Taƙama a hankali ake yin ta, doki a tattare, yana ɗaga hannuwa yana ɗan jinkirta su a sama. Rak kuwa ita ce a sake masa da gudu. Maigida ya ce in rubuta magana ɗaya a shafin farko: koya wa doki rak ba shi ne wuya ba, wuyar ita ce ka koya masa ba tare da ka ɓata masa sassarfa ba. Bikili yana da sassarfa mai kyau, ita ce jarinsa.

9 ga Disamba

Maƙeri ya zo ya cire masa takalman gaba, ya rage tsawon kofaton, ya bar na baya. Dalili shi ne nauyi a gaba yana taimakon sassarfa, sauƙi a gaba da ɗan nauyi a baya kuwa yana karkata doki zuwa takun gefe, wato inda ƙafa da hannun gefe ɗaya suke bin juna. Muna son ya karkata, amma kaɗan.

Bayan barga akwai wata hanyar tsakuwa mai ɗan gangare, can muke aiki. Ina hawa da ƙaramin linzami mai gaɓa, in zauna can baya a kan sirdi, in ɗaga hannuwana sama, in buɗe su. In ya fara sauri kamar zai shiga sassarfa, sai in riƙa girgiza kansa dama da hagu da kamazuru, ina murɗa nauyina daidai da girgizar, ƙafafuna suna tura shi gaba. Abin da ake nema shi ne a rikita masa haɗin da ya saba, wato hannun dama da ƙafar hagu su tashi tare. Gangaren yana sa ya shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa. Zuwa yanzu dai abin da nake samu harhaɗe-harhaɗe ne, da kunnuwa da suke juyowa baya suna tambayata ko lafiya.

17 ga Janairu, 2024

Sanyi ya hana komai. Ruwan bokiti ƙanƙara, hanyar gangare ta zama gilashi. Aiki ya koma cikin dogon zauren barga, da igiyoyi biyu ina bin sa a ƙasa.

Tun 1 ga wata Bikili ya zama ɗan shekara uku a takarda, don a nan duk doki ranar farko ta Janairu ake ƙara masa shekara, ko da a watan Mayu aka haife shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ajin da zai shiga a gasa ya dogara da shi.

Da yake ba hawa, mun daɗe a ɗakin sirdi kusa da hita, maigida yana ba da tarihi. An kafa ƙungiyar rajistar wannan jinsi a Louisville a 1891. Kakan da aka fi jingina jinsin gare shi wani ingarma ne mai suna Denmark, haihuwar 1839, ta hanyar ɗansa Gaines' Denmark, sai a 1991 aka ƙara Harrison Chief a matsayin tushe na biyu. Mutanen da suka ƙirƙiro dokin ba gasa ce a ransu ba. Manoma ne da ke yini a kan sirdi suna zaga gonaki a kan hanyoyi marasa kyau, suna son abin hawan da ba zai karya musu ƙugu ba. Takun da muke wahalar fitarwa yau don tafi da ihu, asalinsa neman sauƙi ne.

Na ƙara masa da abin da na karanta: a 2012 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun gano cewa sauyi a ƙwayar halitta guda, DMRT3, yana da hannu a iya irin wannan taku, kuma a dawakin tsibirin Iceland suka fara ganin haka. Ya ce shi ba ya bukatar gwajin jini, ɗan dukushi ya gani yana bin uwarsa a makiyaya ya san ko akwai abin a jikinsa. Ban yi masa musu ba. Uwar Bikili mai taku biyar ce.

12 ga Fabrairu

Ya yi! A tsakiyar gangare bayansa ya lafa ƙarƙashina, jijjiga ta ɗauke, na ji kofatai huɗu suna dira ɗaya bayan ɗaya a kan tsakuwa. Bai fi tsawon motoci uku ba ya warware. Nan take na tsayar da shi, na sauka, na shafa wuyansa, na ja shi zuwa barga da ƙafa. In doki ya ba ka abin da kake nema karon farko, ladansa shi ne ka ƙyale shi.

Wani abokin aikina ɗan Meziko, wanda ya fi ni daɗewa a wannan sana'a nesa ba kusa ba, yana tsaye a bakin shinge ya juya mana baya. Ya ce da kunne ake duba rak, ido yana ruɗi. Ya tabbatar huɗu ya ji.

24 ga Fabrairu

Murna ta koma ciki. Bikili ya gano hanya mai sauƙi: maimakon huɗu, sai ya riƙa ɗaga hannu da ƙafar gefe ɗaya tare, irin tafiyar raƙumi. Sautin ya koma biyu, ni kuma ina lilo dama da hagu. Wannan babban aibi ne a gaban alƙali, kuma doki in ya saba da shi, fitar da shi aiki ne ja. Yana faruwa ne in ya sandare bayansa ya ɗaga hanci. Mun bar gangare, mun koma fili mai laushi, ina karkata shi a kwana ina sa shi ya lanƙwasa haƙarƙari, don doki ba ya iya wannan tafiya in jikinsa a lanƙwashe yake.

6 ga Maris

Abin da aka gargaɗe ni a kai ya zo. Na nemi sassarfa, ya ba ni wani abu da ba shi da suna, gaba na sassarfa, baya na rak. Maigida ya hau, ya zaga sau ɗaya, ya sauka. An dakatar da rak har sai yadda hali ya yi. An mayar masa da takalman gaba.

28 ga Maris

Azumi ya yi nisa, kuma aikin wannan wata ya dace da mai azumi, don a zaune nake yin sa. Kullum da safe ina ɗaura masa keken doki mai ƙafa biyu, mu bi kewayen gona da sassarfa zalla. Ba nauyi a bayansa, ba hannun da ke girgiza masa kai, sai hanya miƙaƙƙiya. A hankali haɗin ya dawo, yanzu yana buga biyu-biyu da ƙarfi, gwiwar hannunsa tana kaiwa daidai ƙirji.

Da muka koma kan sirdi, mun raba masa alamomi yadda ba zai sake ruɗewa ba. In sassarfa nake so, sai in sauke hannu, in ɗan sunkuya, in dafa masa tudun kafaɗa, in yi magana da murya ɗaya. In taƙama ce, in koma baya, in ɗaga hannu, in taɓa bakinsa dama da hagu. Ba na haɗa su a jere. Tsakaninsu dole a yi tafiya, ya huce, ya manta da na baya. Kuma ranar da aka yi taƙama ana rufewa da sassarfa, ita zai kwana da ita.

Ra'ayina, wanda ba kowa a bargar nan ya yarda da shi ba: yawancin dawakin da ake cewa ba su da sassarfa, suna da ita, gaggawar masu su ce ta cinye ta. Mai doki ya biya kuɗin horo na wata da watanni, yana son ya ga rak a bidiyo, mai horarwa kuma yana son ya riƙe abokin ciniki.

10 ga Afrilu

Sallah. Na je Idi a Louisville na dawo kafin azahar, don doki bai san Sallah ba. Na tura wa Kawu bidiyon Bikili ta WhatsApp. Shi ya fara ɗora ni a kan doki, ya yi shekaru yana kiwon dawakin hawan Sallah a Zariya. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai taƙama ce, har da ita ka je koyo wurin Bature?" Na ce, "Kawu, ita ce, sai dai a nan alƙali ake sa mata." Abin da ya fi ɗaure masa kai sirdin ne, ya ce ina abin jingina, ina ƙwacciya, mutum zai zauna a kan faifai?

Gaskiyarsa, sirdin shimfiɗaɗɗe ne. Ana kiransa Lane Fox, an yanke gabansa ya shiga ciki kamar inci 4 don ya ba wa tudun kafaɗa da tushen wuya wuri, kuma ana ɗaura shi baya fiye da sauran sirada. Babu abin da zai riƙe ka sai cinyarka da daidaiton zamanka. Manufar duka ita ce a sauke nauyi daga gaban doki, ya samu damar ɗaga kai da hannuwa.

A wannan mako muka sa masa cikakken linzami, ƙarfe biyu a baki, kamazuru huɗu a hannu. Ƙaramin mai gaɓa yana ɗaga kai, babban mai sanda da sarƙar haɓa yana shigar da hanci. Na naɗe sarƙar da ƙyalle, na bar kamazurunta a sake, sai ya saba da nauyin tukuna. Duk lokacin da ake maganar bakin ɗan doki a nan sai an ambaci Tom Bass, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a jihar Missouri a 1859, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu horar da wannan jinsi, ya rasu a 1934. Ya ƙera wani linzami don kare bakin ƙananan dawaki, har yau da sunansa ake kiransa.

2 ga Mayu

Mai dokin ta zo daga wata jiha, aka yi zaman wutsiya. Wanda bai taɓa ganin gasar nan ba zai yi mamakin yadda wutsiyar dawakin take miƙewa sama kafin gashin ya zubo. Ba haka aka haife su ba. Ana sa musu wani ɗauri da suke kwana da shi a ɗaki, mai ɗaga tushen wutsiya, kuma da yawa ana yi musu ƙaramar tiyata a yanke jijiyoyin ƙasan wutsiyar. Dokin da ke sanye da wannan ɗauri ba a sakinsa makiyaya, kuma in aka yi sakaci wutsiyar ta karkace, ta karkace ke nan.

Ita tana so a yi, don a ganinta ba a cin babban aji sai da shi. Maigida ya nuna mata cewa dokar USEF, hukumar wasannin dawaki ta Amurka, ta yarda a shiga kowane aji da wutsiyar da ba a taɓa ba, kuma ba a rage maki. Ta ce doka daban, idon alƙali daban. A nan ba ta yi ƙarya ba. Da aka tambaye ni, na ce ranki ya daɗe, dokin nan bai gama sanin ƙafafunsa ba, kuma sakin da ake yi masa da yamma shi ke sauke masa zafin kai, in aka kulle shi za mu biya a wani wurin. An tsaya a kan ba wuƙa a bana. Zan riƙa miƙar da wutsiyar da hannu kullum, gashin kuma yana nan a kitse cikin safa don kada ya karye.

21 ga Mayu

Takalman gasa sun hau. An bar kofaton gaba ya yi tsawo, an sa fata tsakaninsa da ƙarfe, an ɗaura siririn ƙarfe ta sama don kada nauyin ya fizge ƙusa. Da wannan takalmi motsinsa ya ƙaru sosai, amma dole maƙeri ya riƙa dawowa duk bayan mako biyar zuwa shida, kuma sakin yamma ya koma ƙaramin fili.

Wajen horo wani lokaci muna sa masa sarƙa mara nauyi a wuyan hannu, yana jin ta sai ya ƙara ɗagawa. Ba a shiga fili da ita. Mutane suna yawan haɗa mu da abin da ya sa Amurka ta yi dokar kare dawaki ta 1970, wato shafa wa doki sinadari mai ƙuna a ƙafa don zafi ya sa shi ɗagawa, abin da ya yi ƙamari a gasar dawakin jinsin Tennessee Walking. Dokin da ƙafarsa ke ciwo ba zai yi sassarfa mai kyau ba, mu kuwa da ita ake shiga fili. Wannan ba ya nufin hannun kowa a sana'armu tsarkakakke ne. Na ga kofaton da aka bari ya yi tsawon da bai kamata ba.

An dawo da rak, kaɗan-kaɗan, a miƙaƙƙen layi kawai.

22 ga Yuni

Fitarsa ta farko, a wata ƙaramar gasar gunduma, ajin 'yan shekara uku. Maigida ne ya hau, da doguwar kwat da wando mai faɗin ƙafa da hular dabi. Ni na yi wanka da shafe kofato da baƙi, na kitsa jan ƙyalle a makwarkwaɗarsa da farkon gezarsa, na sa masa robar kare dunduniya, don a rak ƙafar baya tana iya sarar ta gaba. Mai taku biyar da cikakkiyar geza yake shiga, mai taku uku ne ake aske wa.

Ya shiga da sassarfa kamar filin na ubansa ne, kunnuwa a gaba. Taƙama lafiya. Da mai sanarwa ya ce a saki rak, 'yan kallo suka ɗauki ihu, mai molon lantarki ya ƙara sauri, Bikili ya ɗauka da shi ake. A layi ya yi kyau, a kwanar dama ya fasa ya faɗa sukuwa a gaban alƙali. Da aka juya hannu aka sake neman sassarfa bayan duk wannan hayaniya, a nan na riƙe numfashi, don nan ne ake gane dokin da aka gina da wanda aka yi wa fenti. Ya ba da ita tsaf, biyu-biyu.

Farin ƙyalle ya samu, wato na huɗu. Mai dokin ta ɗan ɓata rai. Ni da maigida muka kalli juna kawai.

14 ga Yuli

Mako guda a Lexington wajen gasar Junior League, wadda ake yi tun 1937. Ita ce ta farko a manyan gasa uku na jinsin, sai ta Louisville a Agusta, sai American Royal a Kansas City a Nuwamba. Bikili bai shiga ba, mun tafi da shi ne ya ga duniya. Da asuba, kafin zafi da gumin Kentucky su sauko, nake hawansa a filin ɗumi cikin manyan dawaki. Ranar farko ya jiƙe sharkaf don tsoro. Zuwa ƙarshen mako keken doki yana wuce shi ko kunne ba ya kaɗawa.

25 ga Agusta

Mun dawo daga Louisville, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Gasar duniya ce, ana yin ta a cikin bikin baje kolin jihar Kentucky tun 1902, yanzu a zauren Freedom Hall, inda ake shimfiɗa garin katako da aka rina kore. Dawaki biyu na bargarmu suka shiga, Bikili yana gida.

Daren jiya Asabar aka yi babban ajin masu taku biyar, na samu wuri a bakin ƙofar shiga. Sunaye biyu ne har yau ake auna kowa da su: Wing Commander, wanda Earl Teater ya hau ya ci sau shida a jere daga 1948 zuwa 1953, da goɗiya My-My da ta yi irin haka daga 1963 zuwa 1968 a hannun Frank Bradshaw. Na haɗu da masu horarwa 'yan Afirka ta Kudu da dama, don can ma jinsin ya kafu sosai, su ne manyan abokan hamayyar Amurka a gasar kofin duniya ta wannan hawa.

Kowa rak yake wa ihu, ni kwana na zuba wa ido. Manyan mahaya ba sa shiga kwana da cikakken gudu. Kafin su kai sukan ɗan tattaro dokin, su riƙe kafaɗar waje, su bar ƙafafun baya su shigo, sai sun fito su sake shi, ɗan kallo kuma ya ga kamar gudun bai taɓa raguwa ba. Bayan an yi zagayen farko aka cire sirada alƙalai suka duba jiki, sannan aka ware na gaba-gaba aka sake sa su aiki. A wannan zagaye na biyu na ga wani doki mai rak kamar walƙiya ya kasa komawa sassarfa, mahayinsa yana ta dafa masa wuya. Bai shiga ukun farko ba.

16 ga Satumba

An fasa Kansas City a bana. Mai dokin ta amince bayan maigida ya nuna mata bidiyon kwanar dama a hankali: ƙafar bayansa ta dama ba ta shigowa kamar ta hagu. Likitan dabbobi ya duba, ya lanƙwasa gaɓoɓin, ya ce ba ciwo, ƙarfi ne bai kai ba, kuma dokin ya ƙara tsawo a baya fiye da gaba a wannan bazara.

Abin da ke gabanmu: maƙeri zai cire takalman gasa ranar Alhamis ya sa masa marasa nauyi. Wata guda a makiyaya. Daga nan keke da hawan tudu don ƙafafun baya, sai igiyoyi biyu a da'ira, dama ta fi hagu yawa. Taƙama kawai har ƙarshen shekara, ba rak. A Janairu zai zama ɗan shekara huɗu, shekararsa ta ƙarshe a ajin ƙananan dawaki, kuma mai dokin ta riga ta ce za ta sake tayar da maganar wutsiya kafin bazara.